Idan Harshe Ya Yi Tuntuɓe



Yau zancenmu a kan abin da ke faruwa tsakanin zuciya da baki ne. Uwa na tsakar gida, hayaƙi ya cika mata ido, goyo na kuka a baya, sai ta ɗaga murya ta ce wa 'yarta, "Ke, zo ki zuba tukunya a ruwa!" Maigida zai kwanta, ya ce wa yaro, "Rufe fitilar nan ka kashe ƙofa." Wani yana so ya ce jiya an yi farin wata, sai bakinsa ya ce an yi warin fata. Wata kuma "ƙwarai" da "sosai" suka zo mata lokaci guda, ta rasa wadda za ta ɗauka, sai aka ji ta ce "ƙwasai". Babu gidan da ba a jin irin wannan. Muna kiransa tuntuɓen harshe, ko suɓul da baka, in kuma ya faru a gaban taro ya ja wa mutum kunya a ce ya yi katoɓara.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne na lura mun yi wa lamarin bahaguwar fahimta. Tuntuɓen da ba komai ba ne, shi muke ɗauka da zafi, mu yi wa mutum dariya, mu ɗora masa laifi, wani lokaci har aure ya girgiza. Ita kuwa rikicewar maganar da ke nuna rai na cikin haɗari, ita muke zama mu zuba wa ido, mu ce iska ce, a bari zuwa gobe a gani. Ina so kafin mu rabu yau kowa ya iya rarrabe su.

Mu fara da na yau da kullum. Mutum mai lafiya, a hira ta yau da gobe, yana furta kalma biyu zuwa uku a kowace daƙiƙa. Kowace ɗaya daga cikinsu sai ya zaɓo ta daga dubban kalmomin da ke ajiye a kansa, ya jera ta inda ta dace, ya haɗa sautukanta, sannan ya aika wa leɓe da harshe da maƙogwaro da huhu umarni, tsokoki kusan ɗari suna aiki tare. Duk wannan yana yi ne alhali yana kallon fuskar abokin hirarsa, yana tunanin abin da zai faɗa gaba. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Willem Levelt, wanda ya wallafa babban littafi a kan yadda ɗan Adam ke magana a 1989, yana cikin waɗanda suka nuna cewa duk da wannan sauri, kuskuren bai wuce ɗaya ko biyu ba a cikin kalma dubu. Ku auna kalma nawa mai talla ko malamin aji ke furtawa daga safe zuwa dare. Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne ƙarancin kuskuren, kuma a nan nake ganin ikon Allah.

Sannan kuskuren kansa yana da tsari. Wannan ne abin da masana suka gano tun da daɗewa. A 1895, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani masanin harshe mai suna Rudolf Meringer tare da wani likita Karl Mayer suka fitar da tarin tuntuɓen harshen da suka tsinta daga bakin mutane. Daga baya wata farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, Victoria Fromkin, ta shafe shekaru tana rubuta duk suɓutar bakin da ta ji, har ta tara dubbai, kuma maƙalarta ta 1971 ta zama abin karatu ga ɗaliban fannin. Abin da suka tarar shi ne harshe ba ya tuntuɓe barkatai. Suna da suna suke musayar wuri, aiki da aiki, farkon kalma da farkon kalma. Ku koma kan misalan da na kawo. "Ruwa" da "tukunya" duk sunayen abubuwa ne. "Rufe" da "kashe" duk ayyuka ne. A "farin wata" kuwa, harafin farko ne ya yi musaya da harafin farko.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Mutum zai ce "kuɗin mota", sai kalmomin su juya masa. Me za ku ji? "Motar kuɗi". Ba zai ce "motan kuɗi" ba. Wato ko a cikin kuskuren, ƙwaƙwalwa ta tuna cewa mota mace ce a Hausa, ta ba ta abin da ya dace da ita. Wannan yana nuna mana cewa ana zaɓar kalmomi a mataki ɗaya, a yi musu kwalliyar nahawu a wani matakin, a furta su a na gaba. Kamar mai shayi ne da sassafe, yana zuba wa wannan, yana yanka wa wancan burodi, kunnensa na wajen na uku. In ya rikice zai miƙa maka kofin wani, amma kofin shayi dai zai miƙa maka.

Me ke ƙara yawan tuntuɓen? Abubuwan da kowa ya sani ne: gajiya, rashin barci, yunwa, gaggawa, fargabar taro, fushi, da raba hankali gida biyu. Wanda ke magana yana latsa waya ya fi wanda ya natsu yawan suɓutar baki. Haka ɗalibi a gaban masu jarrabawa, haka ango ranar da zai gaida surukai. Alarammomi ma sun san wannan sarai. Mahaddaci yana jan sallar tarawihi ko tahajjudi, dare ya yi nisa, sai ya zo kan ayar da ta yi kama da wata a wata surar, ya zarce can, na bayansa ya gyara masa, ya dawo hanya. Ba wanda ke cewa ya rasa haddarsa. Kamannin ayoyin ne da gajiya suka haɗu.

To, ina matsalar take? Matsalar tana wajen fassarar da muke yi wa kuskuren. A 1901 wani likita a can Biyana ɗin, Sigmund Freud, ya yaɗa ra'ayin cewa suɓul da baka tonon asiri ne, abin da mutum ya ɓoye a zuci ne ke kufcewa. Ra'ayin ya karɓu a duniya, kuma mu ma da ma muna da irinsa, mukan ce ai abin da ke ransa ne ya fito. Ban ce hakan ba ya taɓa faruwa ba. Amma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa mafi yawan tuntuɓen harshe kamannin sauti ne ko kusancin ma'ana ke jawo shi, babu wani asiri a ƙarƙashinsa.

Ku ɗauki batun suna, wanda ya fi kowanne haddasa rigima a gidajenmu. Uwa za ta kira ɗa ɗaya, sai ta bi ta kan sunayen 'yan'uwansa kaf: "Sani, Salisu, kai Rabi'u nake nufi!" Wannan ana dariya a wuce. Amma bari mai mata biyu ya kira amarya da sunan uwargida, ko uwargida da sunan amarya. Ranar ba a cin tuwo cikin daɗi, wata ma sai ta haɗa kayanta ta yi yaji. A 2016 wasu masana a Jami'ar Duke da ke Amurka, ƙarƙashin Samantha Deffler, sun tambayi mutane kimanin 1,700 a kan wannan. Suka tarar cewa mutum yakan musanya suna ne da na wani da ke rukuni ɗaya a zuciyarsa: ɗa da ɗa, aboki da aboki, ɗan gida da ɗan gida. Ba ya kiran ɗansa da sunan baƙon da ya gani a tasha. Saboda haka ina roƙon iyayenmu mata da ƙannenmu, wannan kuskure shi kaɗai bai isa hujjar an fi son wata ba. In akwai rashin adalci a gida, a kwana da cefane da kulawa za a gan shi, a can ya kamata a neme shi. Su kuma maza, in hakan ta faru, a ba da haƙuri da gaske, don magana zarar bunu ce, kuma abin da zafi ko da ba da gangan aka yi ba.

Addininmu ma ya san da wannan rauni na ɗan Adam. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin da Anas ɗan Malik ya ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da misalin mutumin da raƙumarsa ta ɓace masa a daji ɗauke da abincinsa da ruwansa. Ya fid da rai, ya kwanta a inuwar bishiya, sai ga ta tsaye a kansa. Don tsananin murna ya buɗe baki zai yi godiya, yana nufin ya ce shi bawa ne Allah kuma Ubangijinsa, sai ya juya kalmomin biyu. Magana ce da in da gangan aka faɗe ta, ta fi kowace muni. Amma hadisin ya bayyana cewa kuskure ya yi saboda tsananin farin ciki, kuma malamai sun kafa hujja da shi cewa ba a kama mutum da abin da harshensa ya riga niyyarsa. Ku lura, irin musayar nan ce dai da muka fara da ita, suna ya hau wurin suna. In a magana mai girma haka an yi uzuri, me zai hana mu yi wa junanmu a kan abin da bai kai ya kawo ba?

Yanzu kuma waya ta ƙara wa abin gishiri. Da can in mutum ya yi katoɓara a taro, waɗanda ke wurin ne kawai suka ji. Yau a yanko daƙiƙa goma, a watsa a WhatsApp da TikTok, a manta da awa gudan da ya yi yana magana daidai. A watan Yulin 2024, a taron ƙungiyar NATO a Washinton, shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya gabatar da shugaban Yukren, Zelensky, da sunan Putin, abokin gabarsa. Nan take ya dawo kan makirfo ya gyara. Ana iya muhawara a kan shekarunsa da lafiyarsa, kuma Amurkawa sun yi, amma shi wannan kuskuren irin na kowa ne, sunaye biyu da kullum ake ambatonsu tare. Mu ma a nan, duk lokacin yaƙin neman zaɓe haka ake yi wa 'yan takara. A ganina shugaba da aikinsa ake auna shi, kuma al'ummar da ta shagala da tuntuɓen harshensa takan manta ta tambaye shi ina alkawarin da ya ɗauka.

Bari in ɗan ratse. Juyin sauti ba baƙo ba ne a Hausa, har ya zauna daram a wasu kalmomi. Wani gari a ce bagaruwa, wani a ce gabaruwa. Wasu su ce hawainiya, wasu wahainiya. Akwai gauraya da garwaya, akwai bincike da binkice. Duk Hausa ce, kowa da karin harshen garinsu. Yara kuma da gangan suke juya magana a zaurance, suna kuma gasar karya harshe don a ga wanda zai fara tuntuɓe. Wasa ne mai amfani, yana horar da baki, kuma abin takaici ne yadda yake ja da baya.

Sai batun in'ina, wadda ita daban ce, kodayake mutane kan haɗa su. Mai in'ina ya san sarai kalmar da yake so, fitarta ce ke maƙalewa. Takan fara tsakanin shekara biyu zuwa biyar, kimanin yaro biyar cikin ɗari sukan yi ta na wani lokaci, kuma mafi yawansu takan bar su. Cikin manya kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne ke da ita, maza sun fi mata yawa, kuma tana bin jini. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ce. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a Suratu Ɗaha, yana roƙon a warware masa ƙullin da ke harshensa, kuma shi ne aka aika wa Fir'auna. Abin da ke cutar da yaro mai in'ina shi ne tsawa, da duka, da kwaikwayonsa a aji, da ƙarasa masa magana kafin ya gama. Malam, Malama, in yaron nan ya miƙe zai ba da amsa, ku ba shi lokaci, ku hana 'yan aji dariya. Yara da yawa sun daina ɗaga hannu har abada saboda dariyar rana ɗaya.

Yanzu ku matso kusa da rediyo, don nan ne zancen ya fi nauyi.

A 1861 wani likita a Faris, Paul Broca, ya duba wani majinyaci da ya shafe shekaru ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya, "tan", alhali yana gane abin da ake faɗa masa. Da mutumin ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, aka tarar da lahani a ɓangaren hagu, ta gaba. A 1874 kuma wani Bajamushe, Carl Wernicke, ya bayyana wani nau'in: majinyaci na zuba magana tiryan-tiryan, amma kalmomin a hargitse, babu ma'ana, kuma shi bai san ba a gane shi ba. Lahanin nasa shi ma a hagu yake, amma ta baya. Tun daga nan aka tabbatar cewa a wajen mafi yawan mutane, cibiyar magana tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Kuma da yake hagun ƙwaƙwalwa ke sarrafa daman jiki, shi ya sa sau da yawa wanda hannunsa da ƙafarsa na dama suka shanye, maganarsa ma takan tafi.

Babban abin da ke kawo wannan shi ne bugun jini, wanda muke kira shanyewar ɓarin jiki: jijiya ta toshe a ƙwaƙwalwa, ko ta fashe. Kusan mutum ɗaya cikin uku da abin ya same su sukan sami matsalar magana. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya, aka wallafa sakamakonsa a 2018, ya nuna cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo mana wannan ciwo. Kuma a wajenmu ba tsofaffi kaɗai yake kamawa ba, har da masu shekara arba'in da hamsin, magidanta masu ciyar da gida.

Yaya za a bambance? Mai tuntuɓen harshe na lafiya yakan ji kuskurensa, ya ce "au", ya gyara, ya ci gaba da hira lafiya lau. Wanda bugun jini ya kama kuwa, abin farat ɗaya yake zuwa kuma ba ya sakinsa. Mutumin da kuka yi sallar asuba tare yana magana garau, da hantsi sai ya kasa kiran sunan cokali, ko ya ce a ba shi takalmi alhali ruwa yake nufi, ko harshensa ya yi nauyi kamar mai maye, ko ka yi masa magana ya zuba maka ido bai gane ba. Ka ce ya yi murmushi, ka duba ko baki ya karkace gefe guda. Ka ce ya ɗaga hannu biyu, ka ga ko ɗaya na zamewa ƙasa. Ka ba shi gajeriyar magana ya maimaita. In ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, ka duba agogo ka riƙe lokacin, ka nemi mota.

Na ce ka riƙe lokacin don likita zai tambaya. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Jeffrey Saver, ya ƙiyasta a 2006 cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 ke mutuwa a kowane minti. Allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya kuwa, cikin awa huɗu da rabi na farko aka saba bayar da ita. Gaskiya ne ba kowane asibiti ke da ita ba. Amma ko babu ita, a asibiti ne za a gwada sukarinsa, don faɗuwar sukari ma tana rikita magana, musamman ga mai ciwon sukari da ke shan magani, kuma ita cikin mintuna ake gyara ta. A can za a kula da hawan jinin, a duba ko yana iya haɗiya, a tura shi hoton ƙwaƙwalwa a gane toshewa ce ko fashewa. Saboda haka kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu ko jiƙo, domin maƙogwaron ma kan shanye, abin ya wuce huhu. Kada a ba shi asfirin da ka, don in fashewar jijiya ce ƙara zubar jinin zai yi. In kuma maganar ta rikice na minti goma ta dawo daidai, kada a ce an tsallake. Gargaɗi ne, kuma babban na iya biyo baya cikin 'yan kwanaki.

Na san abin da ke faruwa a gidaje da yawa. Ana ganin baki ya karkace, magana ta hargitse, sai a ce aljani ne ya mare shi, ko sammu aka yi masa, a kulle ɗaki a kunna turare, a kwana biyu ana jira. Ba na hana kowa addu'a, mu masu imani ne, kuma waraka ta Allah ce. Amma addu'a ba ta hana tafiya asibiti. A yi ta a cikin mota, a yi ta a bakin gadon majinyaci.

Ga waɗanda kuma ke jinyar wanda ya riga ya rasa maganarsa, akwai abin da nake so ku sani. Sau da yawa hankalinsa na nan, ya san ku, ya san abin da yake so, hanyar fitar da shi ce ta lalace. Za ku iya jin ya karanta Fatiha daga farko har ƙarshe, ko ya ƙirga ɗaya zuwa goma, ko ya amsa sallama, amma ya kasa cewa a ba shi ruwa. Wannan sananne ne a wajen likitoci, domin abin da baki ya haddace ya saba da shi, hanyarsa daban da ta maganar da ake ƙirƙira a take. Ba da gangan yake yi ba, kuma ba shaidar iska ba ce. Kada ku yi masa ihu, ba kurma ba ne. Kada ku yi zancensa a gabansa kamar ba ya nan. Ku yi masa gajeriyar tambaya wadda zai amsa da i ko a'a, ku nuna masa abu da hannu, ku jira shi. Ku tambayi likitansa ko akwai mai koyar da magana da za a haɗa ku da shi, don da yawa suna samun sauƙi, musamman a watannin farko, in ana yi musu atisaye ana kuma sa su cikin hira.

Jama'a, duk wanda ya kai shekara talatin a cikinmu, ya daure ya je a gwada masa jini a wannan makon, ko a asibitin unguwa ko a kemis, minti biyu ne. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini, kada ya ajiye don ya ji sauƙi. Kuma yau da daddare, in an taru cin abinci, ku koya wa mutanen gida har da yara alamun nan uku, baki da hannu da magana, ku kuma yanke tun yanzu wane asibiti za a nufa da kuma wa za a kira ya kawo mota. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.